Agogon Harbi: Abin da Yake Aunawa da Abin da Ba Ya Gani

A shekarar 2017 rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya, lokacin tana ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, ta ayyana dajin Falgore a matsayin filin horar da dakaru. Dajin, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya daɗe yana zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan fashin da ke tare hanyar Kano zuwa Jos. A watan Maris na shekarar aka kai gasar harbi da ƙananan makamai ta sojoji cikin dajin Sambisa, bisa dabara iri ɗaya: inda soja ya mayar wurin atisaye, ɓarawo ba ya sakewa ya kwana. Tun daga nan, yadda ake koyar da harbi ya zama maganar da ta shafi manomin Doguwa da makiyayin Dansoshiya a Kiru da direban da ke bin hanyar da dare, domin su ne ke haɗuwa da wanda aka horar.

Shi ya sa ya dace mu dubi wata 'yar na'ura da ta sauya fasalin horon harbi da ƙaramar bindiga a duniya cikin shekaru arba'in da suka wuce. Girmanta bai fi na wayar hannu ba. Alƙali ko mai koyarwa ya danna maɓalli, ta ɗan jinkirta, sannan ta yi ƙara. Daga wannan ƙarar, makirufon da ke jikinta na sauraron fashewar kowane harsashi, yana rubuta lokacinsa har zuwa kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. In an gama, maharbi zai ga tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya zaro bindiga daga kube ya yi harbin farko, da tazarar da ke tsakanin harbi da harbi, da abin da canza gidan harsashi ya ci masa. Ana kuma iya saita ta ta sake yin ƙara bayan wani wa'adi, misali sakan biyu, don mutum ya gwada ko zai kammala kafin nan. Wannan shi ne agogon harbi.

Asalin buƙatarsa daga gasa ne. A 1976 aka kafa ƙungiyar wasan harbi ta IPSC a garin Kolombiya na jihar Misuri ta Amurka, tsohon sojan ruwa Jeff Cooper ya zama shugabanta na farko. Ginshiƙan wasan uku ne: daidaiton saiti, ƙarfin harsashi, da sauri. Daidaito ana ganinsa a jikin allo, ƙarfi ana auna shi da na'ura, amma sauri ya zama abin gardama. Da farko agogon hannu ake riƙewa, ko a kafa farantin ƙarfe na ƙarshe wanda bugunsa ke nuna an gama. Matsalar ita ce ɗan yatsan alƙali ma yana da nasa jinkirin, wajen kashi ɗaya bisa biyar na sakan, alhali gwanaye biyu na iya rabuwa da abin da bai kai haka ba. Da agogunan lantarki masu jin ƙarar harbi suka shigo a farkon shekarun 1980, sai gardamar ta mutu. Yau sunaye irin su PACT da CED7000 da Pocket Pro sanannu ne a filayen harbi daga Amurka har Afirka ta Kudu, ƙasar da ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta IPSC a 1979 da 2002.

Abin da ya fitar da na'urar daga hannun alƙalai ta shiga aljihun kowane mai atisaye shi ne kuɗi. Harsashi na da tsada ko'ina, kuma kowane atisaye sai ya ci. Agogon kuwa sau ɗaya ake saye, galibi tsakanin dala 100 zuwa 300, yanzu ma akwai manhajojin waya da ke kwaikwayon aikinsa. Da shi mutum zai iya atisaye a ɗaki da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a ciki: ƙara ta farko ya zaro ya saita, ya ga ko ya riga ta biyu. Sai kuma bidiyoyin YouTube, inda gwanaye ke nuna lambobin da suka samu, matasa na bi suna gwada kansu. Atisaye kamar El Presidente, wanda Cooper ya yaɗa, harbi 12 a kan alluna uku tare da juyawa da canza gidan harsashi, an daɗe ana ɗaukar sakan 10 a matsayin mizaninsa. Gwanayen yau na yin sa cikin kusan rabin haka. Ba hannun ɗan Adam ne ya canza ba. Aune-aune ne suka nuna wa mutane inda lokacinsu ke zubewa.

Wannan ita ce babbar fa'idarsa, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Maharbi ba ya iya hukunta saurin kansa. Yakan ji kamar ya yi walƙiya alhali hannunsa ya yi ta kai-kawo a banza, ko ya ji kamar ya yi sanyi alhali a nan ne ya fi tsafta da sauri. Agogon kamar sikeli ne a kasuwar hatsi: da zarar an ɗora, maganar “na ga kamar” ta ƙare. Ga mai koyarwa, lamba na ba shi damar cewa ɗalibi matsalarsa a zarowa take, ba a jan kunama ba, maimakon ya yi ta tsawa a kan komai. Akwai kuma ɗan matsin da ƙarar ke jefa mutum ciki. Bai kai na fagen daga ba ko kusa, amma ya isa ya tona kurakuran da natsuwa ke rufewa. Tun 1983 wani jami'in 'yan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21 cikin kusan sakan ɗaya da rabi. Ɗan sandan da bai taɓa auna lokacin zaro bindigarsa ba bai san ko wannan tazarar ta ishe shi ba.

To amma a duba yadda ake lissafin maki a IPSC, domin a nan ne damuwata take. Ana raba makin da mutum ya samu da sakan ɗin da ya ɓata. Tsakiyar allo maki 5 ne. Wanda ya zuba harsashi 12 duk a tsakiya cikin sakan 10, maki 60 ke nan a raba da 10, ya tashi da 6. A cikin filin akan sa wasu alluna da ba a yarda a harba ba, masu wakiltar mutumin da babu ruwansa, kuma taɓa su na jawo cire maki 10. Yanzu a ce wani ya samu maki 60 ɗin cikin sakan 7, amma ƙarin harsashi ɗaya ya sami allon da aka hana. An cire 10, saura 50, a raba da 7, ya tashi da 7.1. Ya doke wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba. A wasa wannan ba laifi ba ne, kwali ne aka huda, kuma 'yan wasan sun san ƙa'idar da suka shiga. Ita ma ƙungiyar IDPA da aka kafa a 1996 don kusanto da wasan ga kare kai, sakan 5 take ƙara wa wanda ya harbi irin wannan allon, ya ci gaba da gasa.

A kan hanyar Falgore, allon da aka hana harbi yaro ne mai kora shanu da sanda a kafaɗa, ko mafarauci da adaka da lasisinsa, ko fasinjan da ya firgita ya ɓalle da gudu da ya ji an ce a tsaya. 'Yan Nijeriya sun sha jin an ce harsashi ya kuɓuce a shingen bincike, a ɗauki gawa. Agogon ba ya auna ko ya dace a harba. Hasali ma yana koya wa jiki akasin haka: an ji ƙara, a zaro, a harba. Wanda ya maimaita wannan sau dubbai ba tare da wani horo na tantancewa ba, ya gina wa hannunsa ɗabi'ar riga ido yanke hukunci. Masu koyar da 'yan sanda a ƙasashen da na'urar ta yaɗu sun daɗe suna kokawa da haka, shi ya sa suke cakuɗa alamun farawa: wani lokaci allo ya juyo da hoton mai makami, wani lokaci da hoton mai riƙe da waya, wani lokaci kuma amsar da ta dace ita ce umarni da baki kawai.

Sauran naƙasun na'urar ƙanana ne. A filin da mutane da yawa ke harbi a jere takan ɗauki ƙarar bindigar maƙwabci, amsa-kuwwa a rufaffen wuri na ruɗa ta, manhajar waya kuma ba ta kai ta gaske aminci ba. Duk waɗannan ana magance su da saiti da tsari.

Dole a faɗi abu ɗaya a sarari, kada wani matashi ya karanta wannan ya ɗauka gayyata ce. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake mallaka. Bindigar farauta ta zamani Sufeto Janar na 'yan sanda ne ke ba da izininta, ta gargajiya kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Saboda haka gasar ƙaramar bindiga irin ta farar hula da ake gani a Amurka ko Afirka ta Kudu ba ta da gurbi a Bebeji ko Tudun Wada, kuma a yanayin da makamai suka yi yawa a hannun da bai dace ba a Arewa, ban ga abin baƙin ciki a nan ba. Masu amfana da agogon harbi a wurinmu su ne sojoji da 'yan sanda da sauran jami'an da doka ta ba makami, sai 'yan wasan da ke ƙarƙashin hukumar wasan harbi ta ƙasa. Ko a gasar Olamfik lokaci na cikin wasan: a harbin gaggawa na mita 25, ana sakin harsashi biyar cikin sakan 8, sannan 6, sannan 4.

Ra'ayina shi ne a yi amfani da shi, domin arha ne idan aka kwatanta da harsasan da zai hana a ɓarnatar, kuma jami'in da ya san iyakar saurinsa ya fi natsuwa a kan wanda ke zato. Amma kada a ɗauko shi tare da lissafin makin 'yan wasa. A filin horon jami'an tsaro, taɓa allon da aka hana ya zama faɗuwa kai tsaye, komai kyan lokacin da mutum ya yi, kuma a riƙa sa zagayen da cin jarrabawarsa shi ne a ƙi harbawa. Ina kira ga kwamandojin da ke tsara atisaye a Falgore da masu kula da kwalejojin 'yan sanda su rubuta wannan sharaɗi cikin takardar gwaji kafin su ba da odar sayen agogo ko guda ɗaya.