Allurar da ke kashe zafin karaya

Babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa Gidan Runji, Agye da Gazawa. A kanta ana samun haɗarin babur da na amalanke. Wani lokaci ƙashi yana karyewa kusa da gwiwa. Wasu sai su ƙi zuwa asibiti, don tsoron a sa su barci su kasa farkawa.

To, ba kowane aiki ne ke bukatar barci ba.

Jijiya ce ke kai labarin zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Manyan jijiyoyin ƙafa biyu ne. Ɗaya ta bi ta matsematsi zuwa gaban cinya. Ɗayar ta bi ta baya har tafin ƙafa. Likita yana zuba magani da allura kusa da jijiyar. Bayan ƴan mintoci, sai wurin ya mutu. Mutum yana ji, yana gani, amma zafi ya tafi. Maganin yana sakin ƙafa bayan wasu awoyi. Idan aikin babba ne, akan yi allurar a ƙasan baya. Likita ne ke zaɓa.

Kafin maganin ya saki, kada a taka ƙafar. Kada a kai ta kusa da wuta: za ta ƙone mai ita bai ji ba.

A kula: babbar jijiyar jini tana bayan gwiwa. Karaya tana iya yanke ta. Idan tafin ƙafa ya yi sanyi, kada a tsaya ɗori a gida. A garzaya asibiti mafi kusa, ko Maraɗi. Jinkiri yana iya sa a rasa ƙafar.