Shin Ko Kun San? Yadda Ake Shigar da Giwa Akurki

Shin ko kun san cewa duk wayar Android da ke kan teburin 'yan kasuwar Farm Centre a Tarauni, Linux ne ke aiki a can cikinta? Shi ne kanel, wato ƙwayar manhajar da ke raba wa kowane aiki ƙwaƙwalwa da lokaci. Shi ne kuma a cikin na'urorin POS masu Android da muke cirar kuɗi da su a Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi.

Lokacin da Linus Torvalds ya fitar da shi a Finland a 1991, layukan rubutunsa kusan 10,000 ne. Yau sun haura miliyan 30.

To, yaya wannan giwa ke shiga ƙaramar na'ura? Ba a ɗora ta duka. Maƙeri yakan zubar da duk sashen da ke kula da kayan da na'urarsa ba ta da su. A 2014 aka ƙara umarnin tinyconfig, mai kashe duk abin da zai kasu, sannan mutum ya riƙa kunna abin da yake buƙata ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma zram, mai matse bayanai a cikin ram, wato ƙwaƙwalwar aikin na'ura, kamar yadda matafiyi ke danna tufafi a buhu har bakinsa ya ɗauru. Da wannan dabara wayoyi masu araha da yawa suke numfashi.

Shin ko kun san inda Linux ya ƙi shiga akwai ƙannensa? FreeRTOS, wanda Richard Barry ya rubuta a 2003, ƙwayarsa kilobayit 6 zuwa 12 ce kacal. Hoto ɗaya na WhatsApp ya fi ta nauyi. Kwamfutar kumbon Apollo 11 kuwa, da ram na kimanin kilobayit 4 ta kai mutane duniyar wata a 1969.

Abin da ke damuna shi ne ƙibar Linux ba ta tsaya ba. Manhajar OpenWrt, wadda aka gina a kan Linux, ta rabu da na'urorin raba intanet masu ram megabayit 32 da ma'ajiya megabayit 4 bayan fitowar sigarta mai lamba 19.07. A 2023 kuma aka cire SLOB daga Linux, wato mai rabon ƙwaƙwalwa da Matt Mackall ya rubuta wa ƙananan na'urori. Na'ura lafiyarta ƙalau, amma sabuwar manhaja ta fi ƙarfinta, kuma irinsu ne ake jibgo mana a matsayin na hannu.

Idan za ku sayi waya a Farm Centre, ku tambayi girman ram ɗinta kafin ku fara ciniki.