Halitta, ka'idar Darwin da ajin kimiyya a Birnin Gwari: Abubuwan da ya kamata ka sani

A Amurka, a gaban alƙali ake gardama kan ka'idar Darwin. A arewacin Najeriya kuwa, ka'idar ta taɓa shiga jerin hujjojin da aka kafa aka haramta boko, har aka kai ga ƙona makarantu. Yanzu da ƙura ta ɗan lafa a Birnin Gwari, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindiga a Nuwamban 2024, aka sake buɗe kara, ake kuma fafutukar mayar da yara aji, akwai tambayar da ke jiran malamin bayoloji da malamin Islamiyya baki ɗaya. Ɗalibi zai ji bayani ɗaya da safe, ya ji wani da yamma. Wa zai zauna da shi ya warware masa?

Me ka'idar take cewa?

A 1859 ne Charles Darwin, Baturen Ingila, ya fitar da littafinsa kan asalin jinsunan halittu. Za a iya taƙaita maganarsa a gaɓa uku. 'Ya'yan kowace halitta ba sa fitowa iri ɗaya sak. Ana haihuwar fiye da adadin da abinci da muhalli za su iya ɗauka. Waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin su suka fi rayuwa su hayayyafa, su gadar wa na baya wannan siffa. Idan aka ɗauki dogon zamani a haka, jinsi yakan sauya, har ya rabu gida biyu.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan jingina mata alhali ba ta faɗa ba. Ba ta ce gwaggon birin da ke ɓarnar masara a bakin daji shi ne kakan mutum ba. Abin da masana fannin ke cewa shi ne jikin ɗan Adam da na wasu manyan birai sun haɗa tushe ɗaya, shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Wannan ma magana ce mai nauyi ga mai imani, amma gara a yi jayayya da abin da aka faɗa. Na biyu, ka'idar ba ta da ma'aunin da za ta auna samuwar Allah ko rashinta. Masanin bayoloji Richard Dawkins ya ɗauke ta makamin yaƙi da addini, shi kuwa Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, ya yarda da ita kuma Kirista ne mai riƙo da addininsa.

Ina ruwan Birnin Gwari da wannan gardama?

A 2009, gab da rikicin Maiduguri, shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf ya shaida wa BBC cewa ƙungiyarsa ba ta yarda da ka'idar Darwin ba, ba ta yarda duniya ƙwallo ce ba, ba ta kuma yarda tururin da rana ke ɗagawa ne ke komawa ruwan sama ba. Da irin waɗannan misalai ya riƙa gamsar da matasa cewa akwai kafirci a cikin karatun boko, wasu har suka yayyaga takardun shaidarsu. Malamai sun mayar masa da martani. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, da Sheikh Albani Zariya, wanda aka kashe a 2014, sun yi masa raddi a karatuttukansu, Isa Ali Pantami kuma ya yi muƙabala da shi a 2006.

Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012, ta samu mafaka a dazukan Birnin Gwari. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ta kokawa cewa mayaƙan na wa'azi a ƙauyukan gabashin ƙaramar hukumar irin su Damari, suna raba kyaututtuka, suna hana harkar siyasa. A gefe guda ga 'yan fashin daji, waɗanda kuɗin fansa ne gabansu ba aƙida ba: su suka kwashe ɗalibai a kwalejin kimiyya ta Kagara da ke maƙwabtaka a Fabrairun 2021, aka kuma sace malamai uku a firamaren Rama cikin Maris na shekarar. Manufarsu daban, amma sakamakon ɗaya ne. Makarantu sun rufe, malamai sun gudu, yaro ya tashi da tambaya a ransa, wanda ke kusa da shi da amsa a shirye kuwa mai bindiga ne.

Me manomi da makiyayi suka riga suka gani?

Duk wanda ya girma kafin shekarun 2000 ya san ɗacin kulorakwin da ƙaiƙayin da yake sa wa har mutum ya kwana yana susa. Maganin yana aiki a lokacin. Sannu a hankali ya daina, har Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2005. Maganin bai canja ba, ƙwayar cutar ce ta canja. A cikin miliyoyinta akwai 'yan ƙalilan da ke jure masa. Maganin ya kashe saura, ya bar musu fili, suka yaɗu. Haka sauro ya yi da wasu magungunan da ake jiƙa gidan sauro da su.

Manomin masara ya san irin wannan. Tun 2016 da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo ƙasar, ya saba buɗe kan shuka da sassafe ya tarar da kashinta kamar dusa, ganye duk ya huhhuje. Ya auna murfi ɗaya na magani a tankin feshi, baɗi ya koma murfi biyu. Wani lokacin jabun magani aka sayar masa. Wani lokacin kuma ƙwarin da suka tsira bara ne suka haifi na bana. Shi ya sa malaman gona ke cewa a riƙa sauya nau'in magani.

Makiyayi ma ya san bunaji da rahaji ba sa shan daɗi inda ƙudan tsando ya yi yawa, sammore ke kama su su rame, amma muturu, gajeren san nan na kudu, yana jurewa, domin kakanninsa sun daɗe a cikin tsando. In ya shiga kara neman bijimi, yakan duba tozo da ƙafa, ya tambayi nonon uwar, don ya san abin da ya zaɓa yau shi zai gani a garkensa gobe. Da irin wannan zaɓe na masu kiwo Darwin ya buɗe littafinsa.

Misali mafi kusa yana cikin jininmu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya nau'in jininsa AS ne. A 1954 mai bincike Anthony Allison ya nuna cewa mai AS ya fi samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashen sauro, duk da cewa haɗuwar AS da AS na iya haifar da mai amosanin jini. Limamin da ke neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, da wannan ilimi yake aiki.

To, a ina saɓanin yake?

Kusan babu malamin addinin da ke musun abin da ya faru da kulorakwin. Ana fara rabuwa ne a wuri biyu.

Na farko, tsawon zamani da sauyawar wani jinsi zuwa wani. A nan masana kimiyya na kawo ƙasusuwan da suka zama dutse da kuma kamannin ƙwayoyin gado. Ba sai an je Turai ba. A yankin Goronyo na jihar Sakkwato an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku da ya rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, aka sa masa suna Goronyosaurus a 1972. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da ɓawon halittun ruwa, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a wurin. A hamadar Nijar an haƙo dabbar da ake kira Nigersaurus, a Chadi kuma a 2001 aka samu ƙoƙon kan da ake kira Toumaï, mai kimanin shekara miliyan 7.

Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan gardamar, asalin Annabi Adamu (AS). Abin da jumhurun malaman Musulunci suka tafi a kai shi ne Allah ya halicce shi daga ƙasa, ba uwa ba uba. Littafin bayoloji kuwa yana sanya jikin mutum cikin jerin sauran halittu. Wannan saɓani ne na gaske, kuma ba a kyauta wa ɗalibi ba in aka ce masa babu shi.

Bakin malaman addini ɗaya ne?

A'a, kuma tun ba yau ba. Jamaluddin al-Afghani ya soki Darwin da kakkausar murya a 1881. Bayan 'yan shekaru Sheikh Husain al-Jisr na Tarabulus ta Labanan ya rubuta cewa in hujja yankakkiya ta tabbata, ba za ta rushe imani da Mahalicci ba, domin Shi ke tsara sababi. A yau ana iya ganin matsayi huɗu. Akwai masu ƙin ka'idar ɗungurungum. Akwai masu karɓarta a kan dabbobi da tsirrai su cire ɗan Adam. Akwai masu cewa halittar Annabi Adamu mu'ujiza ce kamar haihuwar Annabi Isa (AS) ba uba, kuma mu'ujiza ba abar aunawa a ɗakin gwaji ba ce, don haka kimiyya ba za ta tabbatar da ita ko ta kore ta ba. Sai 'yan ƙalilan masu karɓarta ba togiya. A ƙasar Hausa matsayi na farko da na biyu suka fi rinjaye.

Batun shekarun duniya bai zame wa Musulmi ƙarfen ƙafa kamar yadda ya zame wa wasu Kiristocin Amurka ba. Lissafin cewa an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa na wani bishop ne ɗan Ailan, James Ussher, a 1650. Alƙur'ani bai ƙayyade adadi ba, masu tafsiri kuma sun daɗe da bambanta kan tsawon kwanaki shidan halitta.

Kiristoci ma sun kasu. Cocin Katolika, tun wasiƙar Fafaroma Pius na 12 a 1950, ta ba da damar binciken sauyawar jiki, muddin an riƙe cewa rai daga Allah yake kai tsaye. Coci-coci da dama na bishara da na Fentikos suna riƙe da zahirin labarin Littafin Farawa.

Me manhaja da doka suka tanada?

Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar makarantu. Ra'ayoyin Darwin da magabacinsa Lamarck suna cikin bayolojin babbar sakandare, kuma WAEC da NECO da JAMB na iya tambaya a kansu. Labarin halitta ta fuskar wahayi yana cikin darasin addinin Musulunci da na Kirista. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba. Yadda wannan iyaka ke da zafi ya fito fili a 2017, lokacin da ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ca kan cusa darussan addinan biyu ƙarƙashin inuwar darasi ɗaya, har aka umarci a raba su.

Sauran ƙasashe kowa da hanyarsa. A Amurka an gurfanar da malami John Scopes a 1925 don ya koyar da ka'idar, sannan a 1987 kotun ƙoli ta hana tilasta koyar da labarin halitta na addini a ajin kimiyya. Turkiyya ta cire ka'idar daga manhajar sakandare a 2017. Najeriya ta bar kowanne a ajinsa, sai dai ba ta horar da malamai yadda za su amsa in ɗalibi ya haɗa su a tambaya ɗaya ba. Abin da ya fi yawa shi ne malami ya tsallake babin, ko ya ce: "Ku haddace don jarrabawa, amma kada ku yarda." Yaro mai kaifin basira abin da zai fahimta shi ne makaranta na koya masa ƙarya da saninta, wato ainihin zargin da Muhammad Yusuf ya yi.

Mene ne abin yi?

Malamin kimiyya ya koyar da babin yadda yake, da hujjojinsa, ya faro daga sauro da masara da shanu kafin ya kai ga ƙasusuwa. Ya bayyana cewa aikinsa bayanin yadda abu ke gudana ne, ba fatawa kan wanda ya gudanar da shi ba. Kada ya raina imanin yaro, kada kuma ya mayar da allo mumbari.

Malamin Islamiyya ko na coci ya karanta abin da zai yi wa raddi daga littafin da yaran ke riƙe da shi. In ya ce masu kimiyya sun ce biri ya haifi mutum, ɗalibi ya duba bai ga haka ba, to ya zubar da girmansa a banza. Yana da cikakkiyar damar koyar da aƙidarsa kan Annabi Adamu ba tare da ya haramta wa yaro ilimin da zai zama likita ko malamin gona da shi ba.

Hukuma kuma ta tuna tana da ɗakin gwajin da ba ta gina ba. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,100 na doka da maje da taura, kuma an san shi da giwa da gwanki kafin tsaro ya taɓarɓare. In zaman lafiya ya ɗore, kai 'yan sakandare can tare da ma'aikatan gandun zai koya musu lura da gwaji fiye da zangon karatu guda na haddar allo.

Iyaye su ma da nasu. Yaron da ya dawo gida ya tambaya ko gaskiya ne mutum da biri danginsu ɗaya bai yi ridda ba, tambaya ya yi. A kai shi wurin malamin da ya san fannin biyu, ko a haɗa malaman biyu su zauna da shi. Tsawa ba ta kashe irin wannan tambaya, sai dai ta tura mai ita neman amsa a wani wuri, kuma mutanen Birnin Gwari sun fi kowa sanin su wa ke jira a can.