Kafin a Sa Yara a Kwale-kwale: Gargaɗi ga Masu Yawon Sallah a Bakin Dam

Washegarin Sallah, bakin dam ɗin Mairuwa da ke kusa da Funtua yakan koma kamar kasuwa. Haka abin yake a Gwaigwaye da dam ɗin Malumfashi. Samari da fatsarsu, 'yan mata da sababbin ɗinkuna, magidanta sun zo neman ɗanyar karfasa ko tarwaɗa daga hannun masunta. Ba a daɗewa sai wani yaro ya ce yana son a zagaya da shi cikin ruwa, a kuma sami mai kwale-kwalen da zai ce kowa ya kawo kuɗi ya shigo. A nan ne matsalar take farawa.

Kwale-kwalen masunta an sassaƙa shi ne don mutum biyu ko uku da komarsu da kifin da suka kamo. Ba shi da faɗi, bakinsa kuma kusa yake da ruwa. Idan aka zuba masa mutum goma, tazarar da ta rage tsakanin bakinsa da ruwa ba ta wuce 'yan yatsu ba. Yaro ɗaya ya miƙe don ɗaukar hoto, ko mutum uku su karkata gefe guda suna kallon kifi, sai ruwa ya kwararo ciki. Da zarar an firgita kowa ya tashi tsaye, jirgin ya kife.

Jihar Katsina ta riga ta ɗanɗana wannan. A watan Mayun 2022, cikin bukukuwan ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, aka rasa aƙalla mutum 15, yawancinsu yara. Kafin nan, ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a jihar Kano ya nutse a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka tsamo gawa aƙalla 29. A watan Afrilun 2022 kuma an yi irin wannan rashi a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato. Babu teku ko ɗaya a waɗannan wurare. Ruwa ne na gida, wanda mutane suka saba gani kullum har suka daina jin tsoronsa.

Ruwan dam yana da nasa halin. Samansa a kwance yake, amma ƙasansa akwai tsohon kwarin rafin da aka datse, inda zurfi ke faɗawa farat ɗaya. Akwai taɓo mai riƙe ƙafa, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, da tsofaffin komaye da mamari da aka bari a ciki, masu sarƙe ƙafar ko da gwanin iyo ne. Babbar riga da hijabi da zane, idan suka jiƙe, nauyi suke ƙarawa su naɗe hannu. Ga kuma iskar da ke gabatar hadari da yamma a farkon damina, wadda kan tayar da igiyar ruwa cikin 'yan mintuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don faɗakarwa kan nutsewa. A Amurka, inda iyalai ke fita teku kamun kifi don nishaɗi, doka ta wajabta a tanadi rigar kariya ga kowane mutum a jirgi. Nan gida ma hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta hana lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da shiga jirgi babu wannan riga. Sai dai jami'inta ba ya tsaye a bakin kowane dam. Uba ko yayan da ya kawo yaran shi ne zai duba.

Abin da zai duba ba shi da yawa. Ya tambayi Sarkin Ruwa ko dattawan masunta wane matuƙi ne ya san ruwan, don kada a ba yaro filafili. Ya leƙa cikin jirgin: idan ana ta kwashe ruwa da kwano tun yana bakin gaɓa, a haƙura. Kowa ya zauna a tsakiya, babu miƙewa har a dawo. Idan babu rigar kariya, ƙananan yara su tsaya a tudu. In rana ta yi sanyi ko hadari ya haɗo daga gabas, a fito.

Idan kuma tsautsayi ya auku, wanda bai ƙware a iyo ba kada ya faɗa ceto, domin mai nutsewa yakan rungume mai cetonsa su tafi tare. A miƙa masa doguwar sanda ko igiya, ko a jefa masa jarkar da babu komai a ciki an ɗaure murfinta. Bayan an fito da shi, ba a ɗaga shi ƙafa sama kai ƙasa wai ruwa ya zuba. Ɓata lokaci ne. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri. Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, saboda huhun da ya sha ruwa na iya rikicewa bayan sa'o'i.

Akwai kuma haɗarin da ba ya bayyana a ranar. A shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Liverpool a Ingila sun yi dogon bincike a ƙasar Malumfashi, suka tarar tsargiya ta fi kama yara maza masu wanka a kududdufai da ƙananan dam-dam. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙaramar katantanwar ruwa, ta huda fata ba tare da an ji ba. Yaron da ya fara fitsari da jini bayan ya yi wasa a ruwa, a kai shi asibiti a auna fitsarin. Maganin, Praziquantel, ƙwaya ce da ake ba shi daidai da nauyinsa ko tsawonsa.