Gauraka da Ɗan'uwansa na Gabashin Afirka

Gaurakan da na fara gani a Magajin Gari ba a fadama na gan shi ba. A tsakar gidan wani attajiri ne, an datse masa gashin fiffike, yana kiwo tare da kaji. Sai daga baya na gane cewa irin wannan ado na gidajen manya yana cikin abubuwan da suka cinye shi a daji, domin da wuya ya hayayyafa a tsare, kuma duk wanda ya mutu sai an kamo wani.

Gauraki masu tukku iri biyu ne a duniya, dukkansu a Afirka. Namu, mai baƙin wuya, yana zaune daga Senegal har Habasha. Ɗan'uwansa mai tokar wuya da jan leɓe a maƙogwaro yana gabashi da kudancin nahiyar, shi ne a jikin tutar Uganda tun 1962. Su biyun kaɗai ne a danginsu suke kwana a kan itace, saboda dogon yatsan baya da suke kama reshe da shi. Amma sheƙa sai a cikin ciyawar fadama, da damina.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa namu cikin jerin masu rauni a 2010, ta kuma ɗaga na gabas zuwa matakin haɗarin ƙarewa a 2012. Malamin da ya tsaya a nan zai gaya wa ɗalibai cewa namu ya fi samun sauƙi. A ganina wannan kuskure ne. Jerin yana auna yawan tsuntsu a duniya baki ɗaya ne, kuma mafi yawan namu suna can Sudan, da Sudan ta Kudu, da Habasha, da Chadi. Na gabas har yanzu ana ganinsa a gonakin Uganda. A Nijeriya kuwa, inda aka ƙiyasta dubbai a farkon shekarun 1970, gauraka ya kusa ɓacewa: farin 1973 da 1984, da madatsun Tiga da Challawa da suka rage ambaliyar Haɗeja da Nguru, da kamu don sayarwa.

Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe a 1936, aka kuma mayar da shi gandun ƙasa a 1999, itatuwa da manyan namun daji ya fi tsarewa. Gauraka kuwa fadama yake nema, ga shi fadamunmu na kewayen gari an mayar da su gonakin shinkafa da rake.