Daga Belu Zuwa Tiyatar Maƙogwaro: Shirya Yaro da Jinyarsa a Gidan Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a dubi yadda harshe da al'adar Bahaushe suke shafar ƙaramin yaro idan likita ya ce sai an cire masa tsokar nan ta maƙogwaro da ake kira tansil. An ɗauki yankin Challawa na Kano a matsayin misali, watau unguwannin ma'aikata irin su Panshekara da Kumbotso, inda magidanta da yawa suke cin abinci a masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai. A nan ne wanzami da likita suke zaune kafaɗa da kafaɗa, kowanne da masu zuwa wurinsa. Za a fara da bambance kalmomi, sa'an nan a duba shiri kafin aiki, a ƙare da jinya.

2.0 Belu da Tansil

Belu, ko beli, ko hakin wuya, shi ne ɗan naman nan guda ɗaya da yake reto a ƙarshen ganɗa. Hausawa sun daɗe da imanin cewa idan aka bar shi zai yi tsawo, ya hana jariri tsotso, ya jawo tari da amai da rama. Don haka wanzami yake yanke shi, galibi a cikin makon haihuwa, ko ranar suna tare da askin jariri. Yakan danne harshe da ɗan ice, ya sa 'yar wuƙa mai lanƙwasa ya ɗauke shi cikin ƙiftawar ido. Al'adar ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba, ana yin ta a Chadi da Sudan da Habasha. Likitoci kuwa ba su sami wani amfani a cikinta ba, sai dai haɗari, kamar zubar jini, da ciwon sarƙewar haƙora, da ciwon hanta wanda wuƙar da ba a dafa ba take yaɗawa.

Tansil wani abu ne dabam. Tsoka ce guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a gefen tushen harshe. Aikinsu tare ƙwayoyin cuta da suke shiga ta baki da hanci. Sukan girma a ƙuruciya, su motse idan yaro ya balaga. Akwai kuma 'yar'uwarsu a bayan hanci, wadda ba a ganinta ta baki, sau da yawa akan cire su tare.

Ruɗanin da ake samu shi ne, da yawa daga cikin iyaye duk ciwon maƙogwaro belu suke kiransa. Uwa za ta ce, "Ai an cire masa tun yana jariri, me kuma ya saura?" Wata kuma ta ce belun ne ya sake tsirowa, a koma wa wanzami. Kalma ɗaya ta haɗe gaɓa biyu, kuma yaro ne yake biyan kuɗin wannan haɗewa, domin yankan tansil mai kumburi a zaure yana iya jawo zubar jinin da ba mai iya tsayar da shi a gida.

Shi ma likita ba kowane kumburi yake yi wa aiki ba. A 1984 Jack Paradise da abokan aikinsa a Pittsburgh ta Amurka suka buga sakamakon bincike wanda ma'auninsa ya zama abin bi: ciwon ya tashi sau 7 a shekara guda, ko sau 5 kowace shekara har shekara 2, ko sau 3 kowace shekara har shekara 3. Dalili na biyu, wanda ya fi yawa a ƙananan yara, shi ne toshewar numfashi, watau yaro yana minshari mai ƙarfi, yana kwana baki buɗe, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci. A Kano ana yin wannan aiki a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wanda aka kafa a 1988.

3.0 Kalmomin da Ake Faɗa wa Yaro

A nan ne manazarcin harshe yake da abin cewa. Hausa tana da kalmomi huɗu da akan yi amfani da su: fiɗa, da yanka, da tiyata, da aiki. Fiɗa ita ce ta litattafai da gidajen rediyo, amma ɗan shekara 5 ya san ta ne a ranar Layya, lokacin da ake feɗe rago. Yaron Challawa ma ya fi kowa saninta, don yana ganin motocin fatu da ƙiraga suna shiga majemu. Idan ya ji manya suna cewa za a yi masa fiɗa, ko za a yanka masa wuya, hoton da zai zo masa ba ɓoyayye ba ne. Tiyata baƙuwar kalma ce da aka aro daga sunan ɗakin da ake aikin a Ingilishi, ba ta ɗauke da wani hoto. Aiki kuwa ita ce mafi taushi, kuma ita mutane suka fi faɗa: "za a yi masa aiki".

Haka nan a lura da kalmar barci. Idan aka ce wa yaro za a sa shi barci, a ƙara masa da cewa zai farka bayan ɗan lokaci, kuma wance tana nan a bakin gado.

Matsala ta biyu ita ce razanarwa. A gidaje da yawa likita ya gaji dodo: "In ba ka yi shiru ba, a kira likita ya yi maka allura." Yaron da aka rena da wannan barazana zai ɗauki asibiti wurin horo, ya zaci laifi ya yi. Wasu iyayen kuma sukan ɓoye masa gaba ɗaya, su ce unguwa za a je. Idan ya farka da zogi a wuya, abin da ya rasa ya fi tsoka biyu, ya rasa yarda da maganar manya, kuma wannan yardar ce za a nema gobe wajen ba shi magani. Abin da ya fi shi ne a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, kwana biyu ko uku kafin ranar: abin da yake sa masa ciwon wuya za a cire, ba zai ji komai ba lokacin da ake yi, bayan nan zai ji zafi na 'yan kwanaki, akwai kuma maganinsa.

Sai batun alkunya. Uwa a al'adance tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta rarrashinsa a gaban mutane. Uba kuma in yana aikin kwana a masana'anta, ba lalle ya sami hutu ba. Saboda haka ya kamata tun da wuri a zaɓi wadda yaron ya fi sakewa da ita, kaka ce ko goggo ko inna, ta zama ita ce mai jinya, kuma ita za ta ji bayanin likita da kunnenta.

4.0 Shirin Jiki

Akan gwada jinin yaro kafin aiki. Wajibi ne a gaya wa likita idan yaron yana da sikila, ko akwai yawan zubar jini a dangi, ko ya zubar da jini fiye da kima lokacin kaciya, ko yana shan wani jiƙo. Akan hana abinci awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla kuwa har zuwa kamar awa 2, sai dai a bi abin da asibitin ya faɗa. Dalili shi ne idan akwai abu a ciki yana iya tasowa ya shiga huhu yaro yana cikin barcin magani. A nan tausayin kaka yakan yi ɓarna, ta ba shi ɗan koko a ɓoye tana ganin koko ba abinci ba ne. Koko abinci ne, kuma in an ba shi a faɗa, gara a ɗage aikin. Shi aikin kansa bai cika wuce minti 30 zuwa 45 ba, ta baki ake yinsa, babu tabo a waje.

5.0 Jinya

Bahaushe ba baƙon jinyar yaro ba ne. Jinyar kaciya ta koya masa killace yaro, da yi masa gata, da kawo masa kyauta, kuma duk wannan abin riƙewa ne. Abu biyu ne daga cikinta ba su dace da nan ba.

Na farko abinci. Ɗan kaciya akan cika shi da gasasshen nama da yaji, mai ciwon maƙogwaro kuwa yaji da lemon tsami da abu mai zafi suna ƙara masa raɗaɗi. A fara da ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan a kai a kai, sai kunu ko koko da ya huce, da fura mai laushi, da tuwo da miyar kuka ko kuɓewa marar barkono, a koma abincin gida da zarar ya iya. Ruwa shi ne kan gaba, don bushewar maƙogwaro tana ƙara zafi, balle a lokacin hunturu.

Na biyu dauriya. Ana yabon yaron da bai yi kuka ba, ana kuma koya masa ya amsa wa 'yan dubiya da "da sauƙi" ko yaya jikin yake. Wannan amsa ladabi ce, ba bayanin ciwo ba ce. Don haka kada a jira sai ya yi ƙorafi, a ba shi farasitamol da abin da likita ya haɗa masa da shi a kan lokaci, musamman kafin cin abinci. Kada a ba shi asfirin, don tana sa zubar jini. Kada kuma a ba shi kodin. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2013 kan ba yara shi bayan wannan aiki saboda mace-macen da aka samu, Nijeriya kuma ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018.

Warkewa takan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Farin da ake gani a wurin ɓawon miki ne, ba mugunya ba, kada a kankare shi ko a shafa masa toka ko kanwa. Warin baki da ciwon kunne duk cikin warkewa suke. Tsakanin kwana na 5 da na 10 ɓawon yake faɗuwa, zafi yakan ƙaru, kuma a nan ne jini ya fi ɓallewa. Jan jini a baki, ko aman jini, ko yawan haɗiyar yawu cikin barci, ko ƙin shan ruwa har fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi mai zafi, kowannensu na komawa asibiti ne nan take, ko da tsakar dare. Daga Panshekara zuwa cikin gari akwai tafiya, don haka a tanadi mai abin hawa tun kafin a bukace shi. A kuma rage 'yan dubiya masu mura, yaro ya huta da makaranta da Islamiyya har mako biyu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa yawancin abin da yake wahalar da yaro a wannan aiki daga baki yake fitowa: kalma ɗaya da ta haɗe belu da tansil, da fiɗa mai tuna rago, da barazanar allura, da "da sauƙi" mai rufe zafi. Akwai aiki a gaban masana Hausa da malaman asibiti, su zauna su daidaita suna guda na wannan tsoka wanda zai raba ta da belu, su kuma rubuta bayanin jinya da Hausar da kaka za ta gane, a boko da ajami. Wanzamai ma a jawo su ciki ta hannun sarakunan aska, domin su ne iyaye suke fara kai wa yaro, kuma maganarsu ta "wannan na asibiti ne" ta fi takarda saurin shiga kunne.