Inshorar Mota: Wa Ke Biyan Wanda Aka Buge A Hanyar Jega?

Duk wanda ya san babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Jega, ta ratsa ƙasar Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, ya san hanya ce da ba ta barci. Manyan motoci na kwasar albasar Aliero zuwa kudu, tirelolin shanu na biye da su, ga motocin fasinja, ga 'yan kabu-kabu suna kutsawa tsakaninsu da buhuna a baya. Inda ake irin wannan zirga-zirga, haɗari ba baƙo ba ne. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: bayan an ɗauke wanda mota ta buge daga kan kwalta, wa ke ɗaukar nauyinsa?

A yankinmu na Katanga amsar sananniya ce. Dattawa za su taru, direba ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya miƙa ɗan abin da ya samu, a ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Daga nan sai a wuce da mai karaya wurin masu ɗori na Aliero, waɗanda sunansu ya kai har ƙasashen maƙwabta. Sauran ɗawainiyar kuwa ta koma kan iyalinsa. A sayar da akuya, a taɓa hatsin rumbu, wani lokaci har a jinginar da gona. Yafiya hali ne na kirki, kuma ba na fatan mu rabu da ita. Sai dai sau da yawa talaka yakan yafe ne domin ya san wanda ya buge shi ba shi da abin biya, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa doka ta tanadi wani da zai biya.

Wannan tanadi ya girmi samun 'yancin kan ƙasar. Tun 1945 aka kafa dokar da ta wajabta wa mai abin hawa ya mallaki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a kan hanya, dokar inshora ta 2003 kuma ta ƙara jaddada ta. Daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, rundunar 'yan sanda a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ta fara tilasta bin ta a duk faɗin ƙasa, tare da gargaɗin tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun. A cikin shekarar 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda. Ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke irin wannan inshora zuwa naira biliyan 15, domin kada ya kasa biya, ta kuma tanadi asusun diyya ga waɗanda abin hawa marar inshora ya buge, ko direban ya gudu ba a gane shi ba.

Kuɗin fa? Tun ranar 1 ga Janairu, 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000 na da, inda kamfani zai biya ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. Babbar motar dakon kaya tana biyan 100,000 a kan miliyan 5, keke mai ƙafa uku 5,000 a kan miliyan 2, babur kuwa 3,000 a kan miliyan 1. Diyyar rauni ko rasa rai tana da nata lissafi dabam. Idan aka raba kuɗin babur a kan kwanakin shekara, bai wuce naira takwas da 'yan kai a rana ba. A lura, wannan inshora ba ta gyara motar mai ita. Tana tsaya masa ne idan ya take rumfar mai shayi, ko ya kashe saniyar makiyayi, ko ya karya ƙafar ɗan makaranta.

Babban cikas shi ne takardar bogi. Mafi yawanmu mukan miƙa kuɗi a dunƙule ga wani ɗan tsakani ya sabunta mana takardun mota, ya dawo da damin takardu, mu cusa a aljihun mota ba tare da mun karanta sunan kamfanin ba. Shekara da shekaru ana kiranta takardar 'yan sanda, wato abin nunawa a shinge kawai. Ranar da haɗari ya auku sai a tarar babu kamfanin, ko yana nan amma bai san da motar ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alhali tantancewa ba ta da wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai mai suna NIID, kuma ko da ƙaramar waya mutum zai iya danna *565*11# ya sa lambar motarsa ya ga ko tana ciki. Idan ba ta fito ba, ya koma wurin wanda ya sayar masa tun kafin ya hau hanya.

Cikas na biyu na zuciya ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Mutanenmu da yawa suna ƙyamar inshora saboda malamai sun yi magana a kan riba da garari da kamannin caca da ke cikinta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. A Sudan aka kafa kamfanin farko mai wannan tsari a 1979. A Nijeriya ma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da Salam Takaful. Tushen abin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna a zauren karatu: a kisan kuskure, aƙila ce ke haɗa diyya, wato dangin wanda abin ya faru a hannunsa, domin kada nauyi ya murƙushe mutum ɗaya, kada kuma haƙƙin mamaci ya salwanta. Yau da wuya direba ya tara dangin da za su iya haɗa diyyar rai. Asusun da masu motoci suka zuba wa kuɗi don irin wannan rana shi ne mafi kusa da wancan tsari.

Kamfanoni su ma suna da nasu laifin. Mutumin Maiyama ba zai yarda da abin da bai taɓa ganin an biya wani ba, kuma ba zai bar gonarsa ya yi ta safa da marwa zuwa birni a kan takardun da ba a rubuta da harshensa ba. Su naɗa wakilai a Jega, su fassara sharuɗɗansu da Hausa, su riƙa miƙa diyya a bainar jama'a. Gani ya kori ji. Mu kuma mu koyi neman haƙƙi ta hanyarsa: a sanar da 'yan sanda a karɓi rahotonsu, a ɗauki hoto, a rubuta lambar motar, a sanar da kamfani da wuri. Wanda zai je wurin ɗori ya fara biyawa ta asibiti a rubuta raunin, domin kamfani da takardar likita da rasit yake aiki.

Ga jami'an tsaro, ina tunatar da su cewa idan tilastawa ta koma karɓar na goro a shinge, to an ƙara wa direba haraji ne kawai, wanda aka buge kuma yana nan yadda yake. Ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu a Jega da Aliero da Maiyama, aikin ya fi sauƙi a hannunsu. Su ne ke ba da layi a tasha, su suka san kowace mota da mai ita. Za su iya yin ciniki da kamfani mai lasisi a madadin mambobinsu gaba ɗaya, su tara kuɗin kaɗan-kaɗan kamar adashi, su hana lodi ga motar da lambarta ba ta fito a rumbun bayanai ba. Hakimai da limamai kuma, idan an zo sulhu a gabansu, su fara tambayar takardar inshora kafin a kai ga maganar yafiya. Mai rauni yana iya yafe wa direba har zuciyarsa, kamfani kuma ya biya kuɗin maganinsa, gonarsa ta tsira.